Mijin Yayata da Ya Cinye Ƙamus

Mijin yayata ya cinye ƙamus ɗin Turanci. Ba habaici nake yi ba, haɗiye shi ya yi, shafi bayan shafi, tun yana ɗan sakandare a nan Daegu. Haka 'yan makarantar zamaninsu masu son a ce musu gwanaye suke yi: mutum ya haddace shafi gaba da baya, sai ya yage shi ya tauna ya kora da shayin sha'ir, wai don kada ya sami wurin komawa ya duba. Yawancin yara sukan ci harafi ɗaya ko biyu, ciki ya ɗaure musu, su dawo cikin hankalinsu. Bong Chilsong bai dawo ba. Sai da ya ci littafin nan kaf ya rage bango kawai, kuma bangon ne ya sa a gilashi ya rataye a falo, daidai wurin da mutanen kirki ke rataye hoton iyayensu.

Da wannan cikin ya koyar da Turanci har ya yi ritaya. Duk unguwa Malam Bong ake ce masa. Ni mijin yaya nake kiransa a gaban idonsa, abin da nake kiransa a bayan ido kuwa ba na rubutawa ba ne.

Kada ku ɗauka Turancin da ake sayen tikiti da shi ya iya. Wata rana a bakin kasuwa wani sojan Amurka ya tare mu yana neman hanyar tashar jirgin ƙasa. Malam Bong ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya, ya zuba masa abin da ya zuba. Bawan Allah ya tsaya yana kallon bakinsa, ya yi godiya, ya kama hanyar da ba ita ba. Muna tafiya mijin yaya ya ce mana ai Amurkawa ba su iya Turanci ba, balle soja. Nasa Turancin shi ne kalmomin da Turawan da kansu suka jefa ƙasan akwati suka manta da su. Ranar tunawa da rasuwar babanmu, an jera abinci a kan tebur, an kunna turare, ana shirin zuba wa marigayi giyar shinkafa, sai mutumin nan ya ɗaga kwalbar yana nuna wa dangi ɗan filin da ke tsakanin giyar da murfi. Wai sunansa "ullage". Wai mu ba mu da kalmarsa a harshenmu, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka bar mu a baya. Kawunmu ya ce ya miƙo kwalbar, shi zai ƙara wa filin girma.

Ciwonsa shi ne kalma ba ta kwana a bakinsa. Ya ji ta a rediyo ko ya hango ta a jikin mota, sai yatsan nan nasa ya tashi sama, daga nan kuma an shiga uku: ma'anarta, wace ce uwarta a Latin, wane ne kakanta a Girka, da 'yan'uwanta da suka yi aure a Faransa. Miya ta huce, motar haya ta wuce, duk bai dame shi ba.

Wadda ta lalata shi kuwa yayata ce, Sunre. Yaya ba ta wuce firamare ba, amma tana da kunne. In ta ji kalma sau ɗaya za ta maimaita ta tsaf, ko da ba ta san kanta ba balle gindinta. Tun suna amarci take kwaso masa kalmomi daga waje yadda ake riƙo wa yara gasasshen dankali, daga kwalin sabulu, daga bakin mai karanta labarai, daga wuyan sabuwar riga. Sai ta ajiye masa shinkafa, ta jira ya zauna, ta ce, "Baban Tegon, me ake nufi da kaza?" Shi kuma ya kumbura ya cika ɗaki. Na taɓa tambayarta me take yi da ma'anonin nan. Ta ce kafin ta gama wanke kwanuka ta manta da su, amma duk ranar da aka tambaye shi yakan ci kwano biyu. Tun daga aurensu har kansu ya yi fari, ban taɓa jin ta tambaye shi ya ce bai sani ba. Ba a halicci bakinsa da wannan maganar ba.

Ana cikin kaka, kabeji ya fara ƙulla kai a gonaki, Yaya ta fara ture kwano. Ta rame har siket ɗinta na juyawa a ƙugu. Aka kwantar da ita a babban asibiti aka shiga da ita tiyata. Aikin da aka ce zai kai yamma, kafin rana ta yi tsaka an turo ta waje. Farfesan da ya yi aikin ya kira ɗanta Tegon ofis, ni kuma na bi bayansa ba tare da kowa ya gayyace ni ba. Malam Bong a lokacin yana can ƙarshen baranda yana fassara wa wani mai gadi rubutun da ke jikin tukunyar kashe gobara.

Farfesa ya ce sun buɗe, sun duba, sun rufe. Ciwon daji ne, ya ci tumbi ya wuce gaba, ba abin da wuƙa za ta ɗauke ta bar saura. Ya ce wataƙila ta ga dusar ƙanƙara, furannin bazara kuwa bai yi mana alkawari ba. Sannan ya tambaya, yadda ake tambayar kowane iyali, me muke so a gaya wa marar lafiya. Tegon, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyu, ya kifa fuska a tafin hannu. Ni na amsa. Na ce gyambon ciki ne, an yanke shi, saura jinya.

Na san abin da nake yi. Innarmu wani ƙaramin likita mai rawar kai ne ya faɗa mata gaskiya a fuska. Ta juya ta fuskanci bango, ba ta ƙara buɗe baki ga cokali ba har ta tafi. Ba ciwon ne ya kashe ta ba, sanin ne. Ni da Yaya muka yi ta roƙon ƙeyarta, kuma tun ranar na ƙudurta ba zan sake tsayawa ina roƙon ƙeyar wani nawa ba.

A baranda Tegon ya share hanci ya ce, "Inna Malsun, Baba fa?"

"Babanka ma gyambon ciki ne."

Ya ce bai dace ba, ai mijinta ne, shi ne babba a gida.

"Ka gaya wa ubanka sunan ciwon nan da safe," na ce, "kafin a kawo abincin rana mai shara ta san kakan sunan a Girka. So kake uwarka ta ji mutuwarta da fassara?"

Tegon bai taɓa cin gardama da mace ba tun haihuwarsa.

Ɗakin gado shida ne, mata zalla, ƙarƙashin kowane gado akwai ɗan benci mai taya da mai jinya ke jawowa ta kwanta. Na rufe shagona na barguna na tare a kan nawa bencin. Ni ke goge Yaya, ni ke fitar da fo, ni ke zuba mata ƙarya da cokali tare da ruwan shinkafa. Malam Bong kuwa kullum da safe zai iso da laƙataye a wuya, jaridar Turanci a hammata, ko lemo ɗaya bai taɓa riƙowa ba. Bai zo jinya ba, sabon aji ya samu, kuma irin ajin da ya daɗe yana mafarki: ɗaliban da ba za su iya gudu ba, tunda kowace an ɗaure ta da robar ƙarin ruwa. Ya fassara musu jikin kwalaben magani, ya fassara musu allon da ke ƙofa. Wata tsohuwa da ke gadon taga, wadda muke kira Mutuniyar Andong saboda garinsu, cikinta ya yi ƙugi wata safiya, sai yatsan ya tashi. Ya sanar da ita cewa wannan ƙugin sunansa "borborygmus", kuma Girkawa ne suka raɗa masa.

"To Malam," ta ce, "tunda ka san sunansa, kira shi ka ce ya yi mini shiru."

Aka yi dariya har wata ta riƙe ɗinkinta. Shi ya ɗauka yabo ne.

Duk wannan ban damu ba, ya sha iskarsa. Abin da ke hana ni sukuni shi ne zagayen likitoci. Kowace safiya Farfesa zai shigo da ƙananan likitoci a bayansa kamar agwagwa da 'ya'yanta, su tsaya a kan marar lafiya su yi maganarta kamar tebur ce. Da harshenmu suke yi, har sai an zo wurin da ya shafe ki, a nan sai su jefa kalmar Turanci, yadda iyaye ke sauya murya in ba sa so yara su gane. Da haka suke faɗin wa za ta tashi, wa ba za ta tashi ba, a gaban idon mai ita, sannan su shafa mata ƙafa su ce ta ci abinci. Dabarar tana ci a kowane gado, don ba wadda ta taɓa jin kalmomin nan. A duk faɗin Daegu mutum ɗaya ne ya haɗiye littafin da suke ɓuya a bayansa, kuma shi ne Allah ya ba mu a matsayin suruki.

Sai na mai da shi ɗan aike. Da na ji motsin zagaye ya kusa, sai in tuna Yaya na marmarin kunun kabewa, kuma ba na ko'ina ba sai na wata mata da ke ƙetaren gada. Gobe in tuna an manta da matajinta a gida. Jibi silifa. Yakan yi gunaguni cewa shi malami ne ba masinja ba, kuma ana hana shi gaisawa da mutanen da za su fahimce shi. Nakan ce masa ilimi ba ya hana mutum ɗaukar kwano. Yaya tana kwance tana binmu da ido, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Haka muka yi ta yi har ranar da Farfesa ya makara. Na tura mijin yaya ƙetaren gada a kan kari, na zauna ina jira, shiru. Wata nas ta ce an riƙe Farfesa a tiyata. Na yi ta leƙen ƙofa ina addu'ar a sami layi a wurin mai kunu, ko gadar ta karye, ko ya haɗu da wani allo mai dogon rubutu. Ina! Agwagwa da 'ya'yanta suna shigowa ta ƙofa, ga Malam Bong a bayansu da kwano ƙunshe a ƙyalle, fuskarsa na walƙiya kamar wanda aka gayyata biki.

Na ce ya kai kwanon ɗakin dafa ruwa. Ya ce da zafinsa. Na ce an kira shi a waya a ƙasa. Ya ce mai kiran ya jira. Ya matsa ya tsaya a kafaɗar ƙaramin likitan da ke bayani, ya karkata kunne.

Yaron ya yi ta zuba nasa, harshenmu da tsakuwar Turanci a ciki. Mijin yaya yana gyaɗa kai, yatsan ya fara ɗagowa. Sai Farfesa ya katse yaron, ya ce daga yanzu "palliative" ne kawai. Ya juya ga wata likita ya sake faɗa mata, "palliative", ta rubuta. Sannan ya shafa ƙafar Yaya ta saman bargo ya ce, "Uwa, kina samun sauƙi, a daure a ci abinci." Suka wuce gado na gaba.

Ni ban san kalmar ba, amma na san fuskar mijin yayata. Yatsan ya tsaya a rabin hanya. Ya sunkuya a hankali ya ajiye kwanon a ƙasa, a ƙasa fa, mutumin da ke yi mana wa'azin ƙwayoyin cuta, ya juya ya fita. Na dubi Yaya. Idonta na kan silin, leɓenta na motsi, tana juya kalmar a baki don kada ta ɓace mata.

Na same shi a matakalar baya, inda maza ke laɓewa su sha taba. Ya riƙe ƙarfen da hannu biyu.

"Tun yaushe?" ya ce.

Na ce tun yaushe me.

"Malsun, kada ki mai da ni yaro. Tun yaushe ku da Tegon kuka sani?"

Na ce tun ranar aiki, lokacin da yake karanta wa mai gadi tukunyar gobara.

Kun san abin da ya yi? Fassara mini ya yi. Ko a nan bai iya riƙe ta ba. Ya ce kalmar daga Latin take, daga sunan mayafi, irin wanda ake yafawa a kafaɗa. Ya ce magani ne da ake lulluɓe ciwo da shi don kada a ji shi, ba ya taɓa ciwon kansa, kuma ba a komawa gare shi sai an gama da mutum. A kan Latin ɗin muryarsa ta karye. Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba, amma tausayin bai kai rabin haushin ba, don ba ni da lokacinsa.

"Ka saurare ni da kyau, mijin yaya," na ce. "Ta kama kalmar, na ga bakinta. Tana can tana ajiye maka ita. Za ta tambaye ka, kai kuma za ka ce mata ana nufin warkewa sannu a hankali. Ka ƙara mata Latin ɗin in kana so, ka ƙirƙiro mata kaka a Girka. Ba wanda zai duba, ai ka cinye littafin."

Ya dube ni kamar na ce ya yi sata a haikali. Ya ce duk tsawon koyarwarsa bai taɓa ba wa ɗalibi ma'anar ƙarya ba. Ya ce a cikin ɗalibansa akwai alƙalai, akwai matuƙan jirgin sama, kuma ma'ana amana ce.

"Alƙalanka ba su ne kwance a gadon can ba. Ka ga Inna yadda ta ƙare, kana tsaye, har ka gaya mana sunan ƙin cin abinci da Turanci. Matar nan tun tana amarya take ciyar da kai da tambaya don ka ji kai wani ne. Yau ƙarya ɗaya ake roƙonka, 'yar ƙarama, irin wadda kowace mai sayar da kifi ke yi kafin ta karya kumallo. In ba ka iya ba, ka tafi gida in ce gudawa ta kama ka."

Ya ce ba zai tafi ba. Ya ce zai faɗa.

Ban yarda da shi ba, sai na sa shi ya maimaita. Na tsaya a matakala ina ba Malam Bong darasi, shi yana bina kamar ɗan aji ɗaya: warkewa sannu a hankali, warkewa sannu a hankali. Da farko kamar ana zare masa haƙori, daga baya ta fara fita sumul. Har ya ƙara da kansa cewa zai iya haɗa ta da wata kalmar Faransanci mai kama da ita. Na ce ya haɗa ta da duk abin da ya ga dama. Na tura shi famfo ya wanke fuska, na gyara masa laƙataye da hannuna, abin da ban taɓa yi ba kuma ban sake ba.

Da muka koma an ɗaga wa Yaya kan gado. Ta taje gashinta. Wata mai jinya ta ɗauke kwanon daga ƙasa ta buɗe mata, kunun na tururi a gabanta, ba ta taɓa ba. Ta jira ya jawo kujera ya zauna, yadda take jira a gida.

"Baban Tegon, na ajiye maka wata. Sau biyu Farfesa ya faɗe ta." Ta faɗi kalmar tsaf, har da yadda Farfesa ya danna farkonta. "Me ake nufi da ita?"

Duk ɗakin ya juyo, don ba su da wani kallo da ya wuce shi. Mutuniyar Andong ta ce a gyara zama, an buga ƙararrawa. Ni na zagaya bayan kan Yaya inda ba za ta gan ni ba, ina motsa masa baki, ina jefa masa maganar kalma-kalma.

Ya buɗe baki. Ya dube ni, ya dube ta. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka kamar yana haɗiyar wani shafin. Ita kuwa ta zuba masa ido da fuskar nan tata ta kullum, ta ɗaliba mai jiran a burge ta. Hannunsa na kan gwiwa, yatsan bai ko motsa ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Na ji kamar in ɗauki kwanon kunun in kifa masa a ka. Da shiru ya yi, da tari ya kama shi, da suma ya yi, duk da na san yadda zan gyara. A cikin dukan maganganun duniya ya zaɓi wadda bai taɓa faɗa ba, yana ganin ya sami hanyar da ba ƙaryar ma'ana ba ce kuma ba gaskiya ba. Wayon mai ilimi ke nan.

Mutuniyar Andong ce ta fara fashewa da dariya. Ta ce yau ko a sallame ta ko kada a sallame ta, ta ga abin da ta zo gani. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonsa, shi yana kallon takalminsa.

"Ba komai, Baban Tegon," ta ce. "Littafin babba ne, dole wani shafin ya wuce bai narke ba."

Matan suka sake kwashewa. Ta ɗauki cokali ta fara shan kunun, a hankali, har ta ga ƙasan kwanon, abin da ba ta yi ba tun kafin a kwantar da ita. Sannan ta miƙa masa kwanon ta ce ya tafi gida ya shanya barguna tunda akwai rana, kada ya manta da ba wa tukwanen barkono ruwa. Ya tashi ya tafi, ya bar jaridarsa a kan kujera.

Yana fita na shiga ɗinke ɓaraka. Na ce tsufa ne, kwanan nan ma ya manta inda ya ajiye tabarau. Na ce likitocin yanzu kullum ƙirƙiro sababbin kalmomi suke yi don a ce sun yi karatu a waje, wannan ba ta cikin tsohon ƙamus. Na ce ni na tambayi nas a baranda, ta ce ana nufin warkewa sannu a hankali. Yaya ta bar ni na gama, har na fara maimaita kaina.

"Malsun, kira Tegon ya zo ya kai ni gida."

Na ce ba a sallame ta ba, gyambo sai da kulawa.

"Ke kin iya ƙarya," ta ce, a hankali don kada sauran su ji. "Tun kina yarinya kin iya, shi ya sa ban tambaye ki ba. Kullum sai likitoci za su shigo nake marmarin kunu, kin ɗauka ciwon ya ci mini ido ne? Shi na jira. Mutumin da ya san sunan ƙugin ciki. Da kalmar alheri ce, da har yanzu yana kan Latin."

Gadonta a jikin bango yake, na tsaya ina kallon bangon ina kallonta, ina jiran ta juya. Ta ga inda idona yake.

"Ni ba Inna ba ce," ta ce. "Inna ba ta bar kowa da bai iya dafa shinkafa ba. Ki koya wa Baban Tegon tun ina ji."

Tegon ya zo da mota washegari. Muka shimfiɗa mata a ɗakin da ke kallon kicin, a gefen da ƙasa ta fi ɗumi, ta ce a bar ƙofa a buɗe. Daga inda take tana hango bangon ƙamus ɗin a gilashinsa. Na so in sauke shi, ta hana.

Ban yafe wa mijin yaya ba, kuma kada wani ya zo ya ce mini ai gaskiyarsa ce ta ba ta damar shiri. Ƙarya ɗaya aka ba shi ya riƙe daga matakala zuwa bakin gado, ya zubar da ita a hanya. Mutum ya haɗiye kalmomin wata ƙasa kaf, amma ya kasa fitar da guda huɗu na harshen uwarsa saboda matarsa.

Da safe na kira shi kicin. Ya zo da laƙataye. Na ce ya cire, ya naɗe hannun riga. Bai san inda buhun shinkafa yake ba a gidan da ya tsufa a ciki. Na nuna masa yadda ake wankewa, a murza a zubar, a murza a zubar, har ruwan ya daina fari. Rabin shinkafar ta bi rariya. Na sa ya sake. Sannan na ce ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan shinkafar cikin tukunya, ya zuba ruwa har ya hau bayan hannun, ya tsaya kafin wuyan hannu.

Ya tsaya yana kallon tukunyar. Ya tambaye ni, da wata 'yar murya, ko wannan awon yana da suna.

Na ce ba shi da suna a kowane yare, ya sa hannu.

Ya sa. Ruwan da sanyi, ga farin hannu mai laushi da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi alli nauyi ba. Ruwa ya kai inda ake so, bai cire hannun ba. Kansa na sunkuye, kafaɗunsa suka fara motsi. Na ce in kuka zai yi ya matsa daga kan tukunyar, gishiri ba ya cikin awon.

Daga ɗaki Yaya ta ɗaga murya iya ƙarfinta.

"Malsun, ya sa hannun?"

"Ya sa, Yaya."

"To nuna masa wuta. Ƙarama fa, yana da gaggawa."